Dakta, Koma Ka Faɗa Musu Abin Da Ka Gano

Akwai wani ra'ayi da ya zauna daram a jami'o'inmu, har an daina yi masa kallon ra'ayi, an mai da shi tamkar doka. Wai aikin mai bincike ya ƙare ranar da wata mujallar ƙasar waje ta karɓi takardarsa. Yi wa jama'a bayani kuwa wai aikin 'yan jarida ne da malaman gona da ma'aikatan asibiti. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku da aka ji muryarsa a rediyo yana bayanin bincikensa da Hausa, sai ka ji manya na cewa neman suna yake yi, ko kuma ya rasa abin yi a ɗakin gwaji. Wannan ra'ayi ɓata ne, kuma ɓatan da muka riga muka biya kuɗinsa da rayukan yara.

A duba yadda ake yin binciken tun daga tushe. Ɗalibi zai saɓa jaka cike da takardun tambayoyi ya sauka a ƙauye. Mai unguwa ya sa a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a damo masa fura. Ya tambayi magidanci dami nawa ya samu bana, 'ya'ya nawa ya binne, wane magani yake zuba wa wakensa. Ya ɗebi ruwan rijiya a kwalba, ya ƙulle ƙasar gona a leda, wani lokaci har jinin yara akan ɗiba. Duk wannan da Hausa ake yi, kuma a ranar babu wanda ke tuna cewa wai Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya. Daga nan sai ya koma, ya rubuta da Turanci, ya kare kundinsa a gaban malamai 'yan ƙalilan, a yi masa bango mai kauri da rubutu ruwan zinare, a jera a kanta ƙura ta samu wurin kwana. Mutanen da aka ɗebi ruwan rijiyarsu har abada ba za su ji abin da aka tarar a ciki ba. In guba ce, suna nan suna sha. Ni ban san sunan da za a ba wannan ba in ba cin amana ba, kuma ba ɗalibin nake zargi ba. Abin da aka koya masa ke nan, abin da ake ba shi maki a kai ke nan.

Wanda ke ganin na cika baki ya tuna Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan, gwajin da ya haɗa da yara 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a faɗa musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Shekara bakwai bayan wancan gwaji, a 2003, maganar ta bazu cewa ɗigon rigakafin shan inna yana hana haihuwa. Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, ba a dawo da shi ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Cutar kuwa ba ta jira kowa ba, ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Sai a 2020 aka tabbatar da cewa Nijeriya ta kuɓuta.

Darasin da 'yan boko suka fi son cirowa daga wannan labari shi ne wai jahilci ne ya yi mana illa. Wannan karatun son rai ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma mutanen Kano an sare su. Bayan haka, tambayar da suke yi tambaya ce ta mai hankali: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigo kyauta, alhali zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda suna kashe mana yara, in mun je asibiti a rubuto mana magani mu saya? Tambayar tana da amsa. Shan inna cuta ce da ba ta zama sai a jikin ɗan Adam, don haka ana iya kawar da ita kwata-kwata daga duniya kamar yadda aka kawar da agana, muddin aka samu kusan kowane yaro. Zazzaɓin cizon sauro ba haka yake ba. Wannan bayani bai fi ƙarfin kowace uwa ba. Amma masu tayar da shakku, waɗanda cikinsu har da masu ilimin zamani, sun iya magana da mutane a masallaci da rediyo da majalisar bakin titi, mu kuwa da muka san amsar mun iya rubuta rahoto. A ƙarshe sarakuna da malaman addini ne suka ɗauki nauyin lallashin jama'a, aikin da ya kamata a ce masana suna sahun gaba a cikinsa tun ranar farko.

A Zamfara ma haka. A 2010 aka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake daka duwatsun zinare a cikin gidaje, yara na rarrafe cikin ƙurar. Sama da 400 suka rasu. Cewa dalma guba ce ba sabon ilimi ba ne, duk ɗalibin sinadarai ya sani. Bai dai iso tsakar gidan da ake dakan ba. Shekara biyar bayan nan abin ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Hujjar da aka fi fakewa da ita ita ce talaka ba zai gane ba. To ga buhun adana wake na PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka. Leda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa, a ɗaure kowace dabam, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu, ba tare da an zuba ko ɗigon fiya-fiya ba. Da aka tashi yaɗa shi, ƙauye-ƙauye aka bi. A cika buhu a gaban jama'a, a ɗaure a gabansu, a bar shi a hannun mutanen garin. Bayan watanni a sake tara su a kwance. Kowa ya zura hannu ya damƙo wake ya ga babu huji, babu gari, babu wari. Manomin da ya ga wannan ya fahimci cewa ƙwaro ma numfashi yake yi, kuma zai iya bayyana wa maƙwabcinsa fiye da yadda farfesa zai yi. A ƙasar Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka rungumi dabarar barin tohon kututture ya girma a gona maimakon sare shi lokacin sassabe, har aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Manomi ne ya riƙa koya wa manomi. Waɗannan su ne mutanen da ake cewa ba za su gane ba. Gaskiyar ita ce, sau da yawa wanda bai gane ba shi ne mai binciken. Ɗalibin da aka tsare shi da tambaya, aka ce ya faɗi abin da ya gano ba tare da manyan kalmomin Turanci ba, ya yi ta inda-inda, to hadda ya yi. Ba a cika gane irin wannan ɗalibi a zauren kare kundi ba, domin a can kowa da harshen haddar yake magana.

Kada kuma a ce wannan baƙon abu ne da aka kwaso daga Turawa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta iya Larabci har manyan malamai na girmama ta, amma ta zauna ta tsara ilimi cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, ta horar da mata jagorori da ake kira jaji, ta naɗa musu malfa, ta tura su ƙauyuka su karantar da mata. Horar da almajiri ya iya isar da ilimi ga wanda bai zo makaranta ba shi ne ainihin aikin wannan tsari nata da ake kira 'Yan Taru. Abubakar Imam, editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, shi da Rupert East sun rubuta Ikon Allah don bayyana halittu da Hausa. Turawan da muke kwaikwayo su ma sun daɗe da sauya tunani. Tun 1985 babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila ta fitar da rahoton Bodmer, wanda ya ce yi wa jama'a bayani wajibi ne a kan masanin kimiyya. Mun kwaikwayi rigar yaye ɗalibai da hularta, mun bar wannan.

Yanzu an fara yayin wani magani da nake ganin bai kai ba. A tara ɗalibai a otal kwana biyu ko uku, a koya musu tsayuwa da kallon jama'a da rage rubutu a majigi, a ci abinci, a raba takardar shaida. Ko a shirya gasar bayyana kundi cikin minti uku, wadda Jami'ar Queensland ta Ostareliya ta faro a 2008. A can gasar tana da ma'ana, domin harshen kundi da harshen kasuwa ɗaya ne. A nan kuwa ɗalibi zai yi minti ukunsa da Turanci a gaban alƙalai masu digiri, a tafa masa, mai wake a kasuwar Dawanau bai ji komai ba. Mafi muni, irin wannan horo yana koyar da magana ne kawai, ba ya koyar da sauraro. Minti uku ba su da gurbin dattijon da zai ɗaga hannu ya ce, “Malam, wannan iri da kuka kawo, in na shuka bana, baɗi zan iya ajiye nawa ko sai na dawo wurinku?” Irin wannan tambaya ce ke jiran waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019, da masarar TELA da ta biyo baya. Ana ta ce-ce-ku-ce a kansu a WhatsApp da Facebook, kuma ko mutum yana goyon bayansu ko yana adawa, ya cancanci ya ji bayani daga bakin waɗanda suka yi aikin, da harshensa, ya kuma yi musu tambayar da ta ga dama.

Na san ƙorafin malamai. Ɗalibai sun yi yawa, kuɗi babu, digirin shekara biyu yana cin huɗu, yajin aikin 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Duk gaskiya ne. Amma malamin da ke cewa babu lokaci yana samun lokacin aika takarda ga mujallar da za ta buga komai in an biya ta, domin ita ake ƙirgawa ranar ƙarin girma. Abin da ake ba maki shi ake yi. Wasu kuma na tsoron cewa sauƙaƙa bayani zai gurɓata shi. Haka ne, yana iya gurɓatawa, shi ya sa ake buƙatar a koyar da shi da gaske, a gyara wa ɗalibi kamar yadda ake gyara masa lissafi, ya koyi faɗin abin da bincikensa ya tabbatar da abin da bai tabbatar ba tukuna. In masani ya yi shiru don tsoron kuskure, mai tallar magani a bayan mota da lasifika ba zai yi shiru ba.

Abin da nake nema ba ya buƙatar sabon gini. A sa darasi na dole, zango guda, mai maki, a kowane digiri na biyu da na uku na kimiyya da noma da lafiya, sashen aikin jarida da sashen harsunan Nijeriya su haɗa hannu da malaman fannin wajen koyar da shi. Kowane kundi ya zo da shafi biyu na bayani da harshen mutanen da aka yi binciken a cikinsu, Hausa ne ko Fulatanci ko Barbarci ko Nufanci. Kafin a ba ɗalibi ranar kare kundi, ya koma zauren da aka shimfiɗa masa tabarma, ya faɗi abin da ya gano, ya rubuto tambayoyin da aka yi masa, mai jarrabawa ya tambaye shi a kansu. Wanda bincikensa lissafi ne zalla, ko wani fannin da bai shafi ƙauye kai tsaye ba, ya je makarantar sakandare ya tsaya gaban 'yan aji biyar. Jami'o'inmu da dama suna da gidajen rediyonsu, waɗanda rabin yini kiɗa suke sakawa.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ita ke tsara mafi ƙarancin abin da za a koyar, tana iya shigar da wannan. TETFund ita ke ba da kuɗin bincike, tana iya cewa ba za ta saki kason ƙarshe ba sai an nuna shaidar an koma wa mutane da sakamako. Majalisun jami'o'i su ba shirin rediyo da taron manoma maki a takardar ƙarin girma. Kai kuma malamin da ke duba kundin ɗalibi a yanzu, ba sai ka jira kowace hukuma ba. Kafin ka sa hannu a shafin farko, tambaye shi ko mutanen da ya ɗebi ruwan rijiyarsu sun ji abin da ya samu a ciki. In ya ce a'a, mayar masa da kundinsa, ka ce ya je ya dawo.