Tsofaffin Kantunan Nguru: Kar A Rushe Shaida

A 1930 ne layin dogo ya isa Nguru daga Kano, kuma a nan ya tsaya. Duk mai hankali ya san ba don ƙaunar talaka Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa shi ba. Gyaɗa suke so, da ƙaro, da fatu da ƙiraga, a kwasa a yi Ikko da su, daga can sai Ingila. Dogo na isowa sai ga kamfanonin Turawa da Kwarori sun kafa kantuna da sito-sito kusa da tasha, kamar yadda aka yi a Ƙauran Namoda bayan 1929.

Yau irin waɗannan gine-gine a garuruwan bakin dogo sun zama kufai. Kwano ya yi tsatsa, bango ya tsage, mai kuɗi kuma yana hangen filin don gidan mai. Har ma akwai 'yan uwa matasa da ke cewa a rushe mana, ai kayan Nasara ne.

To, wannan kuskure ne babba! Wa ya taɓa ganin wanda aka zalunta ya ƙona shaidarsa da hannunsa? A barandar waɗannan kantuna ne manomi kan sauke buhunan da ya yi damina guda yana wahala a kansu, a ɗora a sikelin da bai iya karantawa ba, a yanka masa farashin da ba a yi shawara da shi ba. Tsakaninsa da mai kanti kuma ga 'yan baranda, kowa da nasa lada. Sunan nan har yau yana bakin mutane, amma matasa nawa ne suka taɓa tsayawa a barandar?

Fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya cinikin, aka soke hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa tana nan tun 1979, sai dai jiranta jiran gawon shanu ne.

Aikin na matasan gari ne. Akwai sauran dattawan da suka yi dako a tashar, lallai a je a zauna da su, a rubuta wane kanti ne na wane kamfani, nawa ake biyan buhu. Masu gine-ginen kuma a roƙe su su gyara rufi kafin damina, su zuba 'yan haya, tela ko mai sayar da hatsi, maimakon su kira katafila.