Sai Da Takarda Ake Tsallake Iyaka

'Yan makaranta suna ta tambayata ko mace tana iya neman aikin koyar da Turanci a ƙasar waje. Ƙwarai kuwa, amma fa sai da takarda.

Tun 1987 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin Technical Aid Corps, wanda ke aika malamai ƙasashe irin su Gambiya su yi shekara 2. Ga kuma Nijar a bakin ƙofarmu. A 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki. Ashe ke nan 'yan'uwanmu Gobirawan Tsibiri da Maraɗi za su bukaci masu koyar da Turanci.

Sai dai mu masu Grade II mun ga canji, yanzu NCE ce matakin farko na malanta. Saboda haka iyaye mata na Tsamaye, Isa da Sabon Birni, don Allah kada a cire yarinya daga aji saboda talla. Ke kuma 'yar makaranta, ki bi ta hannun hukuma, ki guji dillalin da zai karɓe miki kuɗi da fasfo.

Allah ya ba mu sa'a, amin.