Darɓa: Ƙaramin ƙwaron da ya taɓa durƙusar da noman gyaɗa a Arewa

A shekarar 1975, cutar kuturtar gyaɗa ta lalata amfanin gona a fili mai faɗin hekta kusan dubu 700 a arewacin Najeriya. Darɓa ce ta yaɗa cutar, ƙwaron nan baƙi da ke cunkushewa a ƙarƙashin ganyen wake da gyaɗa yana tsotse ruwan jikinsu.

Haɗarinta yana cikin saurin hayayyafa. Macen darɓa tana haihuwar 'ya'ya masu rai ba tare da namiji ba, kuma cikin kusan mako guda su ma sun fara haihuwa. Idan wuri ya cika, sai a samu masu fukafukai da ke tashi zuwa wata gona ɗauke da cuta. Ruwan sama mai ƙarfi yana wanke su, shi ya sa suke ƙaruwa idan aka samu fari a tsakiyar damina.

Magani yana nan. Shuka da wuri da kuma matse shuka suna rage ɓarna, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da iri mai jure cutar, kamar SAMNUT 24. Ya rage ga gwamnatocin jihohi su kai irin da malaman gona ƙauyuka kafin ruwan shuka ya sauka.