Da Wanne Za A Fara Cikin Littattafan Magana Jari Ce?

Akwai wata tambaya da malaman makaranta su kan yi wa juna, akawuna kuma su kan yi wa malamai, a ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu kamar yadda a ke yi a sauran ƙasar Hausa. Tambayar ita ce, in mutum ya yi niyyar karanta Magana Jari Ce, ko ya yi niyyar karanta wa yara, da wanne zai fara cikin littattafan nan uku? Waɗansu sun ce a ɗauki ko wanne ya zo hannu, tun da ya ke kowane labari da kansa ya ke tsaye. Waɗansu sun ce a tsinci masu ban dariya a bar sauran. Waɗansu kuwa sun ce a fara da na uku, wai don shi ne mai zurfin Hausa. Mu dai ra'ayinmu shi ne a fara da littafi na ɗaya, daga shafinsa na farko, kada kuma a tsallake zancen Aku da ke tsakanin labari da labari. Ga dalilanmu.

Da fari ya kamata mu tuna yadda aka yi littafin ya samu. A shekarar 1933 Ofishin Talifi na Zariya, wanda Dokta Rupert East ke shugabanta, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo. A lokacin nan Malam Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina. Da aka ga irin baiwar da Allah ya yi masa, sai aka aro shi zuwa Zariya a 1936 don ya rubuta littafin karatu na makarantu. Abin da ya rubuta shi ne aka buga kashi uku tsakanin 1937 da 1939, shekarar da ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Watau malami ne ya rubuta shi, domin 'yan makaranta, kuma da niyya ɗaya ya tsara shi tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya san aji ya san abin da ya kamata yaro ya fara ji, da abin da za a ajiye masa sai ya ƙara ƙwari.

Dalili na biyu yana cikin ginin littafin kansa. Gaskiya ne labaran daga wurare dabam dabam su ka fito. Akwai na Dare Dubu Da Ɗaya, akwai na Indiya, akwai tatsuniyoyin Jamus, akwai namu na gida, marubucin ya rina su duka da Hausa har ba ka iya rarrabe baƙo da ɗan gari. Amma bai zuba su barkatai kamar hatsi a kan tabarma ba. Ya sa su cikin wani babban labari guda, wanda shi ke riƙe da su. A littafi na ɗaya Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida, ga kuwa Waziri maci amana yana neman hanyar da zai sa yaron ya fita ya halaka. Ba mai tsare shi sai Aku, ba shi kuwa da takobi ko garkuwa, sai baki. Kullum dare Musa ya yi shirin fita, sai tsuntsun nan ya jawo wani labari ya riƙe shi har gari ya waye. To, wanda ya san haka, in yana karanta labarin wani wawa ko na wata dabba, dariya ya ke yi, amma zuciyarsa na ɗar-ɗar, yana cewa ko labarin nan zai kai asuba? Wanda ya tsallake farkon littafin dariyar kaɗai zai samu, ya yi hasarar rabin daɗin.

A littafi na biyu za ka tarad da tsuntsun nan ana ce masa Waziri, yana gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ, na Sarkin Sirika. Mai karatun da ya faɗo nan da farko zai yi ta mamaki, yaya aka yi tsuntsu ya sami rawani? Amsar tana ƙarshen littafi na ɗaya, wanda ya bi ta kansa kuwa shi ne zai ji gasar ta dame shi, don ya riga ya zama ɗan goyon bayan Aku. A littafi na uku Waziri Aku ne ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar magana. Labaran nan sun fi tsawo, hikimarsu ta fi zurfi, ana kuma nuna wa mai karatu yadda a ke ƙulla labari da yadda a ke ɗauko darasi daga cikinsa. Ka ga dai matakan a jere su ke. Na ɗaya ya nuna maka magana tana ceton rai, na biyu ya nuna ana gasa da ita a gaban sarakuna, na uku ya nuna koyonta a ke yi. Sunan littafin ma bai cika fita sosai ba sai ga wanda ya bi ukun bi da bi. Ba a hawan itace ta kan ganye.

Kada a ce wannan gardama tamu ce kaɗai. A Ingila an yi wani marubuci, Terry Pratchett, wanda ya rubuta jerin littattafan ban dariya da al'ajabi da a ke kira Discworld, guda 41, daga 1983 zuwa 2015, shekarar da ya rasu. Masu karatunsa sun daɗe suna jayayya a kan inda baƙo zai fara, da yawa kuwa su kan ce a bar na farko tukuna, a shiga ta na huɗu ko na takwas. Suna da hujja, gama mutumin ya yi shekara fiye da 30 yana rubutu, hannunsa yana ƙara faɗawa, littattafan kuma ba duka ke bin mutum guda ba. Wannan hujja ba ta hau kan Magana Jari Ce ba. Littattafai uku ne kacal, an tsara su gaba ɗaya, jarumin kuma guda ne daga farko har ƙarshe. Shawarar da ta dace da doguwar tafiya ba lalle ta dace da gajeruwa ba.

Sai masu cewa a fara da Ruwan Bagaja. Waɗannan ba mu ƙi tasu gaba ɗaya ba. Ɗan ƙaramin littafi ne, an buga shi a 1934, labarin Alhaji Imam da ya tafi neman ruwan magani, yana ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kowa na shirya wa ɗan'uwansa tsiya. Akawun da karatu ya zauna masa zai iya gama shi a dare ɗaya ko biyu, ya kuwa san irin bakin marubucin kafin ya shiga babban aikin. Amma ga yaro ɗan firamare mun fi son Magana Jari Ce na ɗaya, domin akasarin labaransa gajeru ne, yaro na iya kai ƙarshen guda kafin ya gaji. Yaron da ya gama labari da kansa ya kan ji ya yi abin kirki, gobe shi zai nemi littafin.

Masu tsintar na ban dariya su ma mun san abin da ya ja su. Wa zai ji yadda Kalalatu ta cinye kajin da aka soya wa baƙo, sa'an nan ta haɗa mijin da baƙon gudu, bai yi dariya ba? Tun da gidan talabijin na Kaduna ya mai da waɗansu labaran wasan kwaikwayo a shekarun 1980, mutane da yawa sun san su ɗai-ɗai, ba su san daga inda aka ciro su ba. Yanzu kuma ga wayar hannu, ana ta aika wa juna guntayen labaran ba kai ba gindi. Ba laifi ba ne a ɗanɗana wa yaro guda don a jawo hankalinsa, kamar yadda mai tallar ƙosai ke ba da ɗanɗano. Laifin shi ne a tsaya nan. Wanda ya saba da tsince nama daga miya ba zai iya zama ya ci tuwo ba, yaron da ya saba da guntaye kuwa ba zai iya haƙurin bin dogon zance ba, ko a littafin Hausa ko a takardar ofis.

Wani zai ce, duk wannan magana a kan littafin tatsuniya? To, a duba halin da mu ke ciki. Kowa ya san wahalar da ƙasar Zamfara ta sha a hannun ɓarayin daji. A 2021, bayan an sace 'yan makaranta a Jangebe da kuma ƙasar Maradun, sai da Gwamnatin Jiha ta rufe makarantu na wani lokaci. Yaron da ya yi watanni ba ya ganin allo, karatunsa ya kan yi sanyi, ko da ya dawo sai an yi da gaske. A garuruwan karkara irin su Wonaka, inda littafi ba ya samuwa kamar yadda a ke samunsa a Gusau, littafin farko da malami ya miƙa wa yaro yana iya zama shi ne zai yanke hukunci, ko yaron ya so karatu ko ya ƙi shi har abada. In ka ba shi na uku, ya yi ta tuntuɓe cikin dogon labari, sai ya ce karatu ba nasa ba ne. In ka ba shi na ɗaya, ya tarad da yaro kamarsa wanda aka hana fita da dare saboda haɗarin da ke waje, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Iyayenmu da su ka yi aikin En'e, da waɗanda su ka shiga ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, sun san cewa koyon baƙaƙe abu ne mai sauƙi, riƙe su shi ne aiki. Ba abin da ke riƙe su kuwa kamar littafin da mutum ke ɗokin ya ga ƙarshensa.

Saboda haka ga shawararmu ga malamai. A nemi littafi na ɗaya cikakke. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya yi ta maimaita bugunsa, don haka ba ɓoyayyen abu ba ne. In wanda ke makaranta ya tsufa har shafuffukan farko sun zube, kamar yadda ya kan faru ga littafin da hannu ya yi wa yawa, malami ya fara ba da labarin Sarki da Waziri da baki kafin a buɗe. A keɓe lokaci guda kowane mako, malami ya karanta da ƙarfi, sa'an nan yara su karɓa ɗaya bayan ɗaya. A tsaya daidai inda gari ya waye wa Musa, kada a ƙara ko da yara sun roƙa, gama wannan roƙon shi ne ribar. Kafin a ci gaba a mako mai zuwa, a tambaye su me ya sa Aku ya zaɓi wannan labari a wannan dare. Kada kuma a mai da abin ya zama na bulala da haddar ma'anar kalmomi, littafin dariya ne, a bar yara su yi dariya.

Ga akawuna da sauran ma'aikata kuwa, mutum uku na iya haɗa kuɗi su sayi ukun, amma kada a raba kowa ya ɗauki guda ya fara. A bar na ɗaya ya zaga tukuna, wanda ya gama ya miƙa wa na kusa da shi, sa'an nan a fito da na biyu. Wanda aikinsa rubuta wasiƙa ne da rahoto zai ga amfanin abin a alƙalaminsa, domin a nan zai koyi yadda a ke faɗin magana mai nauyi da kalmomi kaɗan, da yadda a ke gaya wa babba gaskiya ba tare da an ɓata masa rai ba. In ya gama, kada littafin ya kwanta a akwati. A kai shi gida, a karanta wa mata da yara bayan sallar lisha.

Alhaji Abubakar Imam an haife shi a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. Ya riga ya yi nasa, ya jera mana littattafan yadda ya ga ya dace. Abin da ya rage namu ne. Muna roƙon shugabannin makarantu na Wonaka da kewaye, da na Tsafe da Bunguɗu, kowa ya duba akwatin littattafansa cikin wannan zango, in babu na ɗaya a nemo shi kafin a nemi sauran. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa yaranmu su so karatu, amin.