Hayaƙin da ba a gani cikin motar da ake kwana

Akwai wata irin mota da Faransawa ke kira kampin-kar, wato mota mai ɗaki. Bayan kujerar direba za ka tarar da gado, da murhun gaz, da tankin ruwa, wani sa'in har da makewayi. Dattawan Agadas da Arlit sun san ta sarai, domin a shekarun 1970 da 1980 masu yawon buɗe ido daga Faransa da Jamus sukan ƙetaro hamada ta Tamanrasat da Asamaka, wasunsu su sayar da motocinsu a nan, su koma gida ta jirgin sama. Tawayen arewa da rikicin Aljeriya sun datse wannan hanya a farkon shekarun 1990, amma motocin ba su daina zuwa ba, ƙofa kawai suka sake, suka riƙa shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano tare da sauran motoci na hannu. Wanda ya sayi irinta, ko dai ya ciccire kayan ɗakin ya mai da ita ta dakon kaya, ko kuwa ya bar gadon domin cin kasuwannin ƙauye da tafiya da iyali.

Da yawa daga cikinsu a kan Peugeot J5 aka gina su, ko ƴan uwanta Citroën C25 da Fiat Ducato, waɗanda masana'anta ɗaya a ƙasar Italiya ta riƙa ƙerawa tun daga 1981 har zuwa farkon shekarun 1990. Ke nan autar cikinsu ta haura shekara 30. Mai shan isansi a cikinsu, injinta daga na Peugeot 504 aka samo shi, wanda babu garejin da bai san cikinsa ba daga Yamai har Damagaram. Maganarmu ta wannan mako a kan wata ƴar ƙara ce da irin waɗannan injuna ke yi, wadda masu mota ke rainawa, alhali kuwa ba abin raini ba ce.

Da sassafe, in aka ta da injin yana sanyi, sai a ji wani sauti kamar ana ƙwanƙwasa kwano da farce, tak-tak-tak, yana bin bugun inji: in an taka totur ya yi sauri, in an saki ya lafa. Bayan minti biyar ko goma sai ya ragu, ko ma ya ɓace ɗungum. Direba ya ce mota ta warke da kanta. Ba ta warke ba. Abin da ya faru shi ne, akwai wata kafa da hayaƙi ke fita tun bai kai ga bututunsa ba, da ƙarfe ya ɗauki zafi sai ya buɗa, ya matse kafar. Matsewa ce ba toshewa ba, kuma gobe da safe kafar za ta fi ta yau faɗi.

Ga dalili. A jikin kan inji, wanda makanikai ke ce wa kulas, akwai wani ƙarfe mai rassa da ke tattara hayaƙin silinda huɗu ya zuba shi cikin bututu ɗaya, shi ne kolekta. Kulas na alminiyam ne, kolekta kuwa ƙarfen zubi ne, tsakaninsu da juwan, an ɗaure su da ƙusoshi masu zare da ake kira gujo. In zafi ya zo, alminiyam yana buɗawa kusan ninki biyu na ƙarfen zubi. Hayaƙin injin isansi da ke jan kaya yakan kai digiri 700 zuwa 800. To, a ƙaddara ƙarafa biyu da aka ɗaure wuri ɗaya, kullum suna ja-in-ja, su yi zafi su huce, shekara 30. Dole juwan ya ƙone, ko gujo ya tsinke, yawanci na can gefe, ko kolektan ya lanƙwashe ko ya tsage. Mota mai ɗaki ta fi ƙaramar mota shan wannan wahala, domin ko babu kowa a cikinta tana ɗauke da nauyin ɗakinta, injin kuwa ƙarami, kullum cikin nishi yake. Bugu da ƙari, a Turai irinta takan yi watanni a ajiye, raɓar hayaƙi na cin bututun ta ciki, gishirin da suke watsa wa hanyoyi lokacin ƙanƙara na cinsa ta waje. Ta iso nan da tsatsarta, gargadar hanyoyinmu ta ƙarasa aikin.

Da a ce asarar a ƙara ta tsaya, da ba mu ɓata tawada ba. Cikin hayaƙin mota akwai wata iska mai guba da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da hanci ke ji na ɗanyen mai ne da toka, ita kuwa shiru take shiga. In ta kai huhu, jini ya fi son ta da iskar oksijin fiye da sau 200, sai ta kama gurbin ta zauna. Tsohon injin isansi mai kabreta yana iya fitar da ita har kashi 3 ko 4 cikin 100 na hayaƙinsa yana tsaye yana aiki, kuma waɗannan motoci sun riga zamanin da Turai ta tilasta sanya matatar hayaƙi. Alhali kashi 0,04 cikin 100 a iskar ɗaki ya isa ya sa ciwon kai cikin awa ɗaya zuwa biyu, kashi 0,16 kuwa yana iya kisa kafin awa biyu. Injin gazuwal ya fi sauƙin wannan guba nesa ba kusa ba, amma kada mai shi ya saki jiki, musamman in injin ya tsufa yana baƙin hayaƙi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Injin J5 yana daf da ƙafafun direba, robobin da suka toshe ramukan waya da na fedal sun bushe tuni, masu gina ɗakin kuma sun huda daɓen motar domin bututun ruwa da na gaz. A watannin Disamba da Janairu, lokacin hunturu, an rufe gilasai, an kama hanyar Yamai zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 660, yara na barci a baya. Alamun gubar su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da gyangyaɗi, wato daidai abin da kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ko gajiyar hanya. Abin lura shi ne: in mutum biyu ko uku cikin mota ɗaya suka kama ciwon kai lokaci ɗaya, babu zafin jiki, kuma suka ji sauƙi da aka tsaya aka fita, to a tuhumi mota. Yara ƙanana da mata masu juna biyu su ne kan gaba wajen cutuwa.

Neman kafar ba ya bukatar na'ura mai tsada, haƙuri yake so, da inji mai sanyi, a fili ba cikin rufaffen gareji ba. A fara da ido. A J5 tayar safiya tana ƙarƙashin bonet, a fitar da ita domin a ga wuri. Inda hayaƙi ke fita yakan bar baƙin tabo kamar na gindin tukunya, a bakin juwan, ko a kewayen gujo, ko a kan layin tsaga. A ƙirga notuna: in ɗaya babu, ko yana juyawa da yatsa, an sami mai laifi. Sannan kunne. A sami guntun tiyo, a kafa baki ɗaya a kunne, a riƙa yawo da ɗayan kusa da kolekta cikin minti biyun farko da ta da inji, ana kiyaye fanka da bel. Inda kafar take, sautin zai daki kunne. In yaron mota ya danne bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci kaɗan, hayaƙin zai nemi mafita, ƙarar ta ƙaru. Dabarar da ta fi kowace kwanciyar hankali kuwa ita ce a kashe inji ya huce, a hura iska ta bakin salansa da famfon iska ba da ƙarfi ba, a toshe gefen da tsumma, a yayyafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda kumfa ta tashi, nan ne.

A yi hattara da abu ɗaya: ba kowace tak-tak ba ce ta hayaƙi. Bawul da ratarsa ta yi yawa shi ma yana ƙwanƙwasa, amma sautinsa na ƙarfe kan ƙarfe ne, daga saman inji yake fitowa, ba ya barin baƙin tabo, kuma toshe salansa ba ya sauya shi. Buji da ya kwance ma yakan yi huci mai kama da wannan. Makanikin da ya ce a sauke kulas tun bai yi waɗannan gwaje-gwaje ba, a nemi ya dakata.

Kada kuma a tsaya a kolekta. Injin J5 a gicciye yake, yana rausaya gaba da baya duk sa'ad da aka taka totur ko aka saki, don haka mahaɗar da ke tsakanin kolekta da bututu an yi ta ne ta riƙa motsi. In robobin da inji ke zaune a kansu sun mutu, ko waɗanda ke rataye da bututu sun tsinke aka maye su da waya, duk jijjigar a wuyan kolekta take ƙarewa. Wanda ya sa sabon juwan ya bar matattun robobi, zai komo garejin kafin damina.

Wajen gyara, aikin duka a kan gujo yake. Notin da ya shekara 30 cikin wuta ba ya kwantuwa da ƙarfin tuwo. A jiƙa shi da man kwance tsatsa tun daren jiya, a gasa notin da wuta in ya ƙi, a riƙa yi masa gaba kaɗan baya kaɗan. In gujo ya riga ya tsinke cikin kulas, hanya mafi kyau ita ce a ɗora noti a kan guntun a yi masa walda ta tsakiya: zafin yana sassauta tsatsa, waldar kuma ba ta kama alminiyam. Kafin a kunna injin walda a cire batir, a fitar da tukunyar gaz daga ɗakin, a kare tiyon mai. In guntun ya nutse sosai sai an huda, to hudar ta bi tsakiya daidai, domin in ta karkace tana iya faɗawa hanyar ruwan da ke sanyaya inji. Akwai wani ɗan ƙarfe mai murɗin hagu da ake sayarwa domin zaro guntun gujo. In ya karye a ciki, ya fi abin huda tauri, garin neman gira an rasa ido. Ramin da zarensa ya lalace kuwa ana sa masa sabon zare na ƙarfe, ba a cusa masa ƙusar da ta fi shi girma.

Da kolekta ya fito, a kankare fuskarsa, a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe. In ana hango haske a ƙarƙashi, rata ta kai kamar rabin milimita, a kai shi wurin masu injin gyaran fuskar kulas su daidaita shi, domin babu juwan da zai cike wannan giɓi ya daɗe. In tsagewa ya yi, samun wani mai lafiya a wurin masu kayan tsofaffin motoci ya fi. In babu, ƙarfen zubi yana karɓar walda amma da sharaɗi: a huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a gasa ƙarfen duka tukuna, a yi aiki da sandar walda ta nikel, sannan a binne shi cikin busasshen rairayi ko toka ya huce a hankali har wayewar gari. Mai waldar da ya watsa masa ruwa don mai mota na sauri, ya sake tsaga shi a gefen ɗinkin.

A nan ne ra'ayina ya saɓa da na masu cewa a lallaɓa. Gwangwanin tumatir da waya, ko ƙullin da ake shafawa, suna iya kai mutum gari in bututu ya huje a daji, can baya inda zafi ya ragu. A kolekta ba sa kwana. Juwan da aka yanka daga kwali ma haka. A sayi na ainihi, da sababbin gujo, da notuna na jan ƙarfe waɗanda ba sa manne wa gujo. Tsohon juwan kuma kada a goge shi a bushe ana shaƙar ƙurarsa, domin na wancan zamani da yawa akwai amiyanti a cikinsu, wanda Faransa ta haramta a 1997 saboda cutar huhu. Ɗauri daga tsakiya ake fara shi a yi waje, a zagaya sau biyu ko uku ana ƙarawa. Gujo mai kaurin milimita 8 ba ya son ƙarfin da ya wuce kamar a rataya kilo 10 a ƙarshen kile mai tsawon santimita 25; yaron da ya sa bututu a kile ya hau da ƙafa, shi ke shuka tsinkewar baɗi. Bayan tafiya biyu ko uku, in inji ya huce, a sake bin notunan.

Saura bakin salansa. Ɗakin irin wannan mota yakan zarce ƙafafun baya da nisa, dole bakin bututu ya fito waje da jikin ɗakin, ba ya tsaya a ƙarƙashinsa ko ƙarƙashin taga ba. Mota mai faɗin baya tana jawo iska a bayanta in tana gudu, shi ya sa tafiya da ƙofar baya a buɗe saboda kaya sun yi tsawo take shigo da hayaƙi ciki maimakon fitar da shi. A toshe ramukan daɓe, kada a kwana da inji ko janareta yana aiki, kada a ɗumama ɗaki da murhun gaz ko gawayi. Akwai ƴar na'ura mai batir, ba ta fi tafin hannu ba, da ke kururuwa in gubar ta taru. Mai ɗan uwa a Turai ko mai zuwa fatauci ya sa a sayo masa, a kafa ta kusa da gado.

In kuwa an tarar da mutum ya galabaita cikin mota, a fitar da shi iska nan take, a kashe inji, a nufi asibiti ko da ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi, a kuma gaya wa likita cewa hayaƙi ake zato. Nono ko madara da ake ɗura wa mutum ba sa taɓa wannan guba, wanda ya suma ma suna iya shaƙe shi. Maganinta oksijin ne: da iskar waje jiki kan ɗauki awa huɗu zuwa biyar kafin ya fitar da rabinta, da oksijin tsantsa kuwa awa ɗaya da ƴan mintoci.