Filin Mata: Kifi a Bargon Jariri

Hunturu yana tafe, sanyin Disamba kuwa ba ya tausayin jariri. Kada ki zubar da guntayen ulu da suka ragu, bargo ne a hannunki. Da sanyin safiya ake kama fara.

Ki ɗauki kwarashi ki yi sarƙa 4, ki haɗa ta zama zobe. Cikin zoben ki yi dogayen saƙa uku-uku har sau 4, kina raba su da sarƙa 2, nan ne kusurwoyi. Ki yi ta kewayawa har faɗin ya kai inci 4. In kin haɗa guda 36, shida-shida, kin sami bargo ƙafa 2 kowane gefe.

Sauran ado. Ba mu da teku, amma wa bai san karfasa ba? Ki saƙa ɗan kewaye da wutsiya da ulu mai wani launi, ki ɗinka a tsakiyar kowane guda. Idon kifin fa, da baƙin zare za ki yi shi. Kada ki sa maɓalli, gama jariri yakan tsinke ya haɗiye.

Sai wata mai zuwa.