Sharhi: Nisan Kano Da Jidda Ya Dogara Ga Zaman Lafiyar Sudan

Tsakanin birnin Kano a nahiyar Afirka da birnin Jidda a nahiyar Asiya akwai tazarar kilomita kusan 3,400 ta sararin samaniya, wadda jirgi kan cinye cikin kimanin sa'o'i 5. Maniyyacin da ya yi sallar asuba a Kano yana iya yin la'asar a bakin Bahar Maliya. Wannan sauƙi ya sa mutane da dama sun manta cewa miƙaƙƙiyar hanyar ta kan ƙasashen Chadi da Sudan take bi.

Mutanen da ba su taɓa mantawa da haka ba. A ƙasa suke tafiya, su ratsa Borno da Wadai da Darfur har zuwa Sawakin, inda suke shiga jirgin ruwa. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin sai an tsaya an yi ƙwadago an nemi guzuri, wasu ma a gonakin auduga na Jazira. Da yawa sun yi zamansu a hanya. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a shekarar 1903, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, kuma garin da ke ɗauke da sunansa yana nan kusa da Sennar.

A watan Afrilun 2023 tarihi ya yi tuni. Yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana gab da fara jigilar alhazai. Ala tilas jirage suka riƙa yin zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, man da ake ƙonawa ya ƙaru, kamfanoni kuma suka nemi ƙarin kuɗi. Kano da Jidda ba su gusa daga inda suke ba, amma nisan da ke tsakaninsu ya ƙaru.

Saboda haka kuskure ne gwamnatocin Najeriya da Nijar su ɗauki rikicin Sudan a matsayin matsalar wasu can. Ana iya cewa kowace na fama da nata tashin hankalin a cikin gida, kuma gaskiya ne. To amma cikin waɗanda yaƙin ya raba da muhallansu har da jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A Jidda ne Saudiyya da Amurka suka zaunar da wakilan ɓangarorin biyu a watan Mayun 2023, amma alkawuran da aka ɗauka ba su tsai da wuta ba. Ya kamata ƙasashen da alhazansu ke bi ta wannan hanya su sa baki sosai a duk wani yunƙurin sulhu, su kuma ware wani abu na agaji ga 'yan gudun hijirar da suka tsallaka zuwa gabashin Chadi.